Sunan da Bakinsa Bai Iya Faɗa

"Wallahi tallahi, muddin ni na haife ki, ba za ki auri yaron nan ba!"

Ni na faɗi haka da bakina, da rana tsaka, a tsakar gidana da ke Limawa, maƙwabta suna ji ta kan katanga. Mahbuba tana durƙushe a gabana da fararen kayanta na aikin asibiti, ko takalmi ba ta cire ba.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni..."

"Na gama saurare. Na gani da idona, na ji da kunnena."

Mahaifiyarta Iyatu ta ajiye muciya ta fito daga kicin.

"Malam, rantsuwa fa ka yi."

"Na san na yi."

Ni direba ne, Dutse zuwa Jahun, tun Mahbuba tana goye. Da safiyar ranar na yi lodi lafiya, mun wuce Shuwarin ke nan sai wasu 'yan mata biyu a bayana suka kunna waya. Muryar da ta fito na san ta. Duk Jigawa an san ta. Muryar Mu'az ce, jarumin fim ɗin nan da ake liƙa hotonsa a bayan adaidaita sahu, wanda iyayensa suka kawo gaisuwa gidana, saura sa rana.

"Jama'a, yau zan faɗa muku gaskiya," in ji muryar. "Ni da Hassana mun daɗe da ɗaura aure a ɓoye. Hassana ce matata, Hassana ce zaɓina. Yarinyar Dutse kuwa, 'yar direban nan, ku manta da zancenta. Tausayi ne kawai."

'Yan matan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Dama ina jarumi ina 'yar direba!"

Ba su san wanda yake riƙe da sitiyari ba.

Na sauka gefen titi na ce zan duba taya. Na karɓi wayar na kalla. Shi ne. Hularsa, murmushinsa, har ɗan tabon da ke saman girarsa. Ga Hassana jarumar da suke yawan fitowa tare a gefensa tana sunkuyar da kai. Har yau ban san yadda na kai mutanen nan Jahun na dawo ba.

"Baba, haɗi ne," Mahbuba ta ce, hawaye yana ɗiga a kan siminti. "Yanzu akwai abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Kwamfuta ce, a ba ta fuskar mutum da muryarsa, ta sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ya kira ni yana kuka, ya ce bai san da shi ba."

"Kuka? Ai kuka sana'arsa ce. Biyansa ake yi ya yi."

"Ba ka san shi ba ne, Baba."

"Ke kin san shi ko? Yau a tasha babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Mai shayi ya zuba min ya ce in bar kuɗin. Tausayi! Ni Idirisu ake tausayi a tashar da na tsufa a cikinta!"

Ta kama ƙafata da hannu biyu.

"Ban taɓa saɓa maka ba. In ka ce a'a, a'a ce. Amma ka sani zalunci aka yi masa, ni ma zalunci aka yi min, kai ma haka. Kada ka taya su, Baba."

Na zare ƙafata na shige ɗaki. Da na tsaya, da na yi kuka a gabanta.

Tun farko ban so wannan haɗi ba. Ɗan fim? Yayana Alhaji Jaji, wanda shi ne zai ba da aurenta, ya fi ni ƙi, don yana da nasa ɗan takarar, Abdulwahab, ɗan amininsa mai kwangila. Sai da na je Jahun da ƙafata na yi bincike. Na tambayi liman, na tambayi mahauta, na tambayi masu faci. Gidan Fulani ne, mahaifin ya rasu, uwar tana nan da 'yan shanunta. Ban ji aibu ba. Wani tsoho ma dariya ya yi ya ce, "Aibinsa ɗaya, kunya ta yi masa yawa. Ya taɓa kai gyatumarsa asibiti, aka ce ya faɗi sunan marar lafiya a rubuta kati. Ya tsaya yana gumi, layi ya taru a bayansa, sai da ƙanwarta ta zo ta faɗa." Na yi dariya ni ma, na dawo na ce na yarda.

Yanzu ga abin da yardar ta jawo min.

Washegari Yaya Alhaji ya iso tun kafin in fita, Abdulwahab yana biye da shi cikin shadda mai ƙyalli, turarensa ya cika zaure.

"Ba na faɗa maka ba?" in ji Yaya. "Ka ƙi ji. To ga yaron kirki nan, duk da abin da ya faru ya ce yana nan a kan bakansa."

Abdulwahab ya rusuna. "Baba, ni wallahi raina ne ya ɓaci. Ni na fara tura wa Baba Alhaji bidiyon ma, don a san matakin ɗauka."

"Ka kyauta," na ce, amma maganar ba ta yi min daɗi ba.

Na leƙa ciki na ce Mahbuba ta fito su gaisa. Ta fito, idanunta sun kumbura. Ta gaishe da Baffanta, sannan ta dubi baƙon.

"Malam Abdulwahab, mutum nawa ka tura wa?"

Ya gyara zaman hularsa ya dubi Yaya.

"Ka ce ranka ya ɓaci. Mutum nawa ka tura wa abin da ya ɓata maka rai?"

"Ke! Rashin kunya za ki yi mana?" Yaya ya daka mata tsawa.

"Ka yi haƙuri, Baffa. Na bar wancan tunda Baba ya rantse. Amma a bar ni haka nan."

Ta koma ciki. Daga nan ta daina cin abinci sai an matsa. Ta je aiki, ta dawo, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Mu'az ya zo har sau biyu, na ce a gaya masa ba na nan, alhali motata tana ƙofar gida. Iyatu ta daina yi min magana sai ta dole. Ni kuwa in ina tuƙi, duk wayar da ta yi ƙara a bayana sai gabana ya faɗi.

Ranar kasuwar Jahun ina zaune a mota ana lodi, sai na ji kamasho yana cewa, "Ga ta nan, Inna, motar Malam Idirisu."

Wata dattijuwa ce doguwa, siririya, da baƙin mayafi da ƙwaryar nono a naɗe cikin zane. Ta zauna a kujerar bayana. Har muka iso Dutse, duk sanda na ɗaga ido sai in gan ta a madubi tana kallona. Kowa ya sauka, ita ba ta motsa ba.

"Inna, an iso."

"Gidanka za ka kai ni."

Na juyo. "Lafiya?"

"Ni ce na haifi wancan yaron."

Ba ta faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba. Lokacin gaisuwa baffanninsa ne suka zo, ban taɓa ganinta ba. Na ji kunya ta rufe ni, na ja mota muka nufi gida.

Iyatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Mahbuba ta fito ta durƙusa can nesa ta ce, "Sannu da zuwa, Dada," don haka Mu'az yake kiranta.

"Ban zo roƙo ba," in ji Dada. "A wurinmu uwa ba ta shiga zancen auren ɗanta. In kun ba shi, naku ne, in kun hana, naku ne. Abin da ya fito da ni daban. Matan unguwa sun ce wai yana cikin waya yana kiran sunana, duniya tana ji. Na tambaye shi, ya kifa kai yana kuka. Yaran gida sun ɓoye min wayoyinsu. Aka ce kai ka gani. To a kunna min. In bakinsa ne ya faɗa, ni ma na bar muku shi."

Na dubi Iyatu, ta dube ni.

"Inna, ai bai ambace ki ba. Wata 'yar fim yake kira."

"Wa sunanta?"

"Hassana."

"To ni wa sunana?"

Mahbuba ta ɗago kai a hankali, bakinta a buɗe.

Babu wanda ya sani a cikinmu. Wa zai tambayi sunan surukarsa? Mahbuba da ta yi shekara tana zance da Mu'az, Dada kawai ta sani. Ni da na zagaye Jahun ina bincike, na tambayi komai ban da wannan.

Na ce Mahbuba ta kunna. Dada ta kara wayar a kunne, ba ta ko kalli hoton ba. Hassana ce matata, Hassana ce zaɓina. Ta ce a sake. Aka sake. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, ta saki wani dogon numfashi, ta miƙo wayar kamar ta riƙe ƙazanta.

"Muryarsa ce," ta ce. "Amma ba shi ba ne. Wannan abin ba shi da uwa."

Ta ɗauki kofin ruwan da ta ƙi taɓawa tun zuwanta ta shanye.

Mahbuba ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba duk kwanakin nan, ta rarrafa ta kifa kai a cinyar Dada. Dada ta ɗan ja baya don kunya, sannan ta ɗora mata hannu a ka.

Na aika aka kira Yaya Alhaji. Na ce Mahbuba ta kira Mu'az.

Bayan la'asar Mu'az ya iso. Na daɗe ina ganinsa a bayan adaidaita sahu yana murmushi, amma wanda ya shigo zaurena ya rame, leɓensa ya bushe. Da ya hango mahaifiyarsa sai ya tsaya cak, ya zube a bakin ƙofa.

Yaya ya saurari bayani yana kaɗa ƙafa.

"Wannan ce hujjar? To kai, ɗago. Wa sunan matar da ke cikin bidiyon nan?"

Mu'az ya buɗe baki ya rufe.

"Da kai nake!"

"Mai... mai sunan Dada ce, Baffa."

"Sunanta na ce ka faɗa."

Gumi ya keto masa. Ya dubi ƙasa, ya dubi bango. "A yi min aikin gafara, Baffa. A sa ni wani abin."

Yaya ya yi tsaki. "Idirisu, kada a yi wasa da hankalinka. Ɗan fim ne. Gumin ma koya musu ake yi."

Maganar ta shige ni, don ni ma abin da na faɗa ke nan. Sai tsohon nan na Jahun ya faɗo min a rai.

"Yaya, ranar da ya tsaya yana gumi a layin asibiti, wa yake yi wa fim? Lokacin bai san Mahbuba ba, bai san ni ba."

Na ba shi labarin. Mahbuba kuma ta share hawaye ta lalubo wata tsohuwar hira da aka yi da shi a talabijin, tun gashin bakinsa bai cika ba. Mai hirar ya tambaye shi wace jaruma ya fi jin daɗin aiki da ita. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mai sunan Dada." Mai hirar ya yi ta jansa yana dariya, ya ƙi faɗa. Ta nemo wata, ta nemo wata. Ko'ina haka.

"Na sha jin yana faɗin haka," in ji Mahbuba tana sheshsheƙa. "Ban taɓa haɗawa ba. Wayyo ni, da na tuna da tuni..."

Yaya ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"To wane la'ananne ne ya haɗa?"

Mu'az ya ce, "Laifina yana ciki, Baba." Ni yake kallo. "Bara na kwanta rashin lafiya ana tsakar ɗaukar wani fim. Furodusan, Zailani, ya ce in zauna gaban kyamara a ɗauki fuskata ta kowane gefe, in karanta wasu maganganu, sai kwamfuta ta ƙarasa abin da ya rage. Na ga sauƙi ne, na yarda. Ban tambaye shi bayan fim ɗin me zai yi da su ba. Ita ma mai sunan Dada haka ya yi mata. Yanzu sabon fim zai fito, yana so a yi ta surutu a kanmu."

"Ka tambaye shi?" na ce.

"Ya ce talla ce. Wai in an kwana biyu zai fito ya ce wasa ne, kowa ya yi dariya."

"Wasa!" Yaya ya miƙe tsaye. "'Yarmu ta rame kamar sillen kara, wasa? Kai, a nemo mai kwamfutar nan a haɗa masa nasa! A sa shi yana satar akuya a kasuwar Shuwarin, a tura wa kowa!"

Iyatu ta toshe baki da mayafi daga bakin ƙofa.

"Alhaji," in ji Dada a hankali, "shi ma yana da uwa."

Yaya ya koma ya zauna yana gunaguni.

Mu'az ya ce ya riga ya ga lauya. Lauyan ya ce ɓata suna ne, kuma amfani da fuskar mutum a abin da bai amince ba, za a iya kai ƙara, za a iya tilasta wa Zailani ya sauke ya kuma nemi afuwa. Amma ya gaya masa gaskiya: shari'a za ta ja lokaci, yardar da ya yi da baki tun farko za ta ba su wahala, kuma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane babu alƙalin da zai iya kwaso shi.

"Ita yarinyar fa?" Dada ta tambaya, ba ta dubi ɗanta ba. "Takwarar tawa."

"Tana da miji, Dada. Ya ce ta tafi gidansu."

"Kana nan kana kukan naka auren, na wata ya mutu a kanka?"

Ya sunkuyar da kai.

Nan na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Ga sharaɗina. Gobe da ni da kai da Yaya za mu je wurin mijin nan, mu nuna masa abin da muka gani. Sannan ka karɓo fuskarka daga hannun Zailani, ko ta lauya ko ta kotu. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da fuskarsa take aljihun wani ba."

"Na yarda, Baba."

"Abdulwahab fa?" in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka tambaye shi mutum nawa ya tura wa. Har yau bai ba da amsa ba."

Mahbuba ta matso kusa da ni. "Baba... rantsuwar fa?"

Na dafe kai. Na manta da ita sam.

Da magariba na tari liman a ƙofar masallaci na karanta masa komai. Ya yi murmushi ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi alherin ya yi kaffara. In ciyar da miskinai goma. Ya ƙara da cewa, "Gaba in rai ya ɓaci, Malam Idirisu, a fara da alwala kafin wallahi."

Mijin Hassana bai sauko da wuri ba. Ya kalli tsofaffin hirarrakin, ya kira lauyan da kansa, ya ce zai yi tunani. Sai da Zailani ya ga takardar sammaci ya fito ya amsa cewa haɗi ne, sannan mutumin ya je biko. Har yanzu akwai masu cewa afuwar ce ta ƙarya, bidiyon farko ne na gaskiya. Na daina yi musu gardama. Maganar tana kotu, mu kuwa an sa rana bayan girbi.

Ranar Juma'a Iyatu da Mahbuba suka dafa shinkafa da wake, aka zuba a manyan kuloli na kai tasha. Mahbuba har da waƙa take yi a kicin, ta ci kwano guda a tsaye kafin a rufe kula. Na tara mabuƙatan da ke zama a bakin tasha a inuwar darbejiya, ina zuba musu da hannuna. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Malam Idirisu, walimar me ake yi?"

"Kuɗin bakina nake biya. Kai ma zo in biya ka kuɗin shayin ranar nan, ba na son tausayi."

Ana cikin haka sai hayaniya ta tashi a bakin ƙofa. Mu'az ne ya zo taya ni rabo, ya sa hula ya rufe rabin fuska, amma an gane shi. Kamashonmu, wanda bai san fim ba bai san jarumi ba, ya tare shi.

"Samari, Jahun ne? Motar wa kake nema?"

"Motar Baba."

"Wane Baban? Duk nan Baba ne. Baba Tasi'u, Baba Ashafa, Baba Idirisu. Faɗi sunansa!"

Ina tsaye da ludayi a hannu, ina kallonsa ta tsakanin motoci. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sosa ƙeya. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, mutane sun zagaye shi da wayoyi a sama.

"Na... na Limawa," ya ce. "Baban Mahbuba."

"Kai dai faɗi suna mana! Bakinka ciwo yake?"

Na bar shi ya ɗan ƙara gumi, don ni ma na yi nawa. Sannan na ɗaga ludayin sama na ƙwala wa kamasho kira.

"Ƙyale shi ya shigo! Ba zai iya faɗa ba. Surukina ne."